An kore ni ba notis, an kuma ɗora mini sata: me doka ta ce?

Tambayar ta wani magidanci ce daga unguwar Yelwa, nan cikin Bauchi. Shekara shida da wata huɗu yana riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, albashinsa naira 85,000. Aka yi ƙidayar kaya, aka ce an samu giɓi. Washegari manaja ya karɓe makullai, ya miƙa masa wasiƙa cewa an kore shi nan take saboda cin amana. Ba a ba shi takardar neman ba'asi ba, ba a zaunar da shi an ji ta bakinsa ba, albashin watan da ya riga ya yi aiki ma an riƙe. Yanzu an ce ya zo ya sa hannu a wata takarda a ba shi kuɗin wata ɗaya. Kuɗin fansho kuwa ana cira daga albashinsa, amma wata goma sha huɗu ke nan bai ga alat ba. Yana son ya sani ko yana da ƙara, ko kotu za ta mayar da shi bakin aiki, da kuma inda zai dosa. 'Yan'uwa suna ce masa ya bar wa Allah.

Malam, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Kafin mu shiga dogon bayani, waccan takardar da aka ce ka zo ka sa wa hannu, dakata tukuna. Ka ce a ba ka kwafi ka je gida ka karanta, ko ka ɗauki hotonta da waya. Sau da yawa irin wannan takarda tana ɗauke da layi guda da ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka, ba ka bin kamfani komai. Wani lokaci ma takardar ajiye aiki ce, a sa maka kwanan watan baya, ta yadda gobe za a ce kai ka tafi don kanka. Na ga mutanen da suka sayar da shari'ar da za ta kawo musu kuɗi masu kauri a kan albashin wata ɗaya, saboda hayar gida ta matso kuma buhun masara ya ƙare. Ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta jiran ranar zaman kotu. Amma idan dole ta sa sai ka karɓi kuɗin, ka rubuta da hannunka a saman sa hannun cewa ka karɓa a matsayin wani ɓangare na haƙƙinka, ba ka yafe saura ba. In suka ƙi yarda da wannan layin, ka gane abin da takardar take nufi.

To, batun mayar da kai aiki. Gara in gaya maka gaskiya tun yanzu: da wuya ƙwarai. Dokarmu ta raba ma'aikata gida biyu a wannan fanni. Akwai wanda doka ce da kanta ta shimfiɗa yadda za a ɗauke shi da yadda za a kore shi, kamar ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar wa aiki, ko malamin jami'ar tarayya irin ta Abubakar Tafawa Balewa (ATBU). Shi wannan, idan aka tsallake mataki ɗaya daga cikin matakan ladabtarwa, kotu kan ce korar tamkar ba a yi ta ba, ta mayar da shi kujerarsa, a biya shi albashin duk shekarun da ya yi a gida. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, haka kuma aka yi wa malaman Jami'ar Ilorin 49 da aka kora a 2001, waɗanda kotun ta mayar a 2009. Kai kuwa kana gida na biyu, na kamfani mai zaman kansa, inda yarjejeniya ce kawai tsakaninka da mai kamfani. A nan kotu ba ta ɗora wa mutum ma'aikacin da ya ce ba ya so. Abin da za ka nema abu biyu ne, kuɗinka da wanke sunanka. Kuma a ganina, ga mai riƙe sito a gari kamar Bauchi, inda 'yan kasuwar Muda Lawal da na Wunti duk sun san juna, na biyun ya fi na farkon tsada. Wa zai sake ba ka makulli in labarin da ke yawo shi ne an kore ka a kan kaya?

Yanzu ɗauko wasiƙar nan ka sake karanta ta, domin ita ce ƙashin bayan shari'arka.

Akwai bambanci tsakanin sallama da kora. Sallama ita ce kamfani ya ce ba ya buƙatar aikinka, ya ba ka notis ko kuɗin notis, ya biya ka sauran haƙƙoƙinka, ku rabu ba tabo. Kora hukunci ce a kan babban laifi: ba notis, yawanci ba kuɗin sallama, ga kuma tabo. Da kamfaninku ya yi wayo, da ya sallame ka ne kawai. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya zama a rubuce. Wannan dokar ta shafi leburori da masu aikin rubuce-rubuce irin naka ne, manajoji da ƙwararru kuwa takardar ɗaukarsu aiki ce ke magana. Kai da ka yi shekara shida, wata ɗaya ne naka, sai fa idan takardar ɗaukarka ta ba ka fiye da haka, to sai a bi nata.

Amma ba su bi wannan hanyar ba. Sun rubuta dalili, sun ce cin amana. Ƙa'idar da kotunanmu suka daɗe a kanta ita ce, duk mai kamfanin da ya faɗi dalilin kora, nauyin tabbatar da dalilin ya hau kansa. Ba kai za ka kawo hujjar cewa ba ka ɗauki kaya ba. Su za su nuna wa alƙali nawa ne giɓin, yaushe ya faru, wa ya yi ƙidayar, da kuma abin da ya haɗa shi da kai. A nan ne tambayoyin da lauya zai yi musu suke da daɗi. Makullin siton guda nawa ne, kuma wa da wa ke riƙe da su? Kana wurin aka yi ƙidayar? Ka sa hannu a sakamakonta? Direbobi da masu lodi suna fitar da kaya da takardar waye? An taɓa fitar da kaya da umarnin baki daga sama, a ce za a kawo takarda daga baya? Duk wanda ya yi aikin sito ya san wannan na ƙarshen shi ne ramin da aka fi faɗawa.

Sai batun jin ta bakinka. Kada ka ɗauka dole sai sun kai ka kotu an same ka da laifi kafin su kore ka. Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne, a shari'ar Arinze da First Bank a 2004. Abin da yake dole shi ne a gaya maka abin da ake tuhumarka da shi, a ba ka dama ka kare kanka. Ba a ma buƙatar wani dogon zama. Takardar neman ba'asi guda ɗaya da amsarka a rubuce kan wadatar a wurin kotu. Su kuwa ko wannan ɗan ƙaramin matakin ba su taka ba. Idan kuma kamfanin yana da littafin ƙa'idojin ma'aikata da ya ce sai an kafa kwamiti, to sun karya dokar da suka rubuta da hannunsu.

Wani zai ce maka ai a Najeriya mai kamfani yana da ikon sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili. Wannan magana tana da asali, ita ce tsohuwar ƙa'ida da Kotun Ƙoli ta tsaya a kai a shari'o'i irin ta Chukwumah da Shell a 1993, kuma a wancan zamanin ko ka yi nasara, abin da za ka samu bai wuce kuɗin notis ba. Mutum ya yi shekara goma yana zirga-zirgar kotu a ba shi albashin wata ɗaya. Abubuwa sun fara sauyawa ne bayan gyaran tsarin mulki na uku na 2010, wanda ya sa sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk wata rigimar aiki ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba rashin adalci a wurin aiki da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Daga nan kotun ta fara cewa sallama ba dalili ba ta dace da zamani ba, tana jingina da yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Har yanzu ana ja-in-ja a kan wannan a manyan kotuna, wasu hukunce-hukuncen suna bin sabuwar hanya, wasu suna komawa tsohuwa. Sai dai wannan jayayyar ba ta shafe ka sosai ba, tunda kai an faɗi dalili kuma dalilin mai ɓata suna ne. A irin wannan, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da diyyar albashin shekara biyu a shari'ar Sahara Energy da Oyebola a 2020, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar da irin wannan diyya ga wani ma'aikacin banki a shari'ar Skye Bank da Adegun a 2024.

Na san yanzu ka fara lissafi a zuci: 85,000 sau 24, miliyan biyu da dubu arba'in. Kada ka ci bashi a kansa. Diyya irin wannan tana hannun alƙali, yana duba shekarun aikinka, da nauyin ƙazafin, da yadda aka yi maka, yana iya ba da ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kuma idan kamfanin ya zo da hujja mai ƙarfi cewa kayan a hannunka suka salwanta, labari ya sha bamban. Saboda haka ranar da za ka zauna da lauya, ka gaya masa komai, har abin da kake jin kunyarsa. In ka taɓa ba wani kaya bashi ba da izini ba, ko ka taɓa sa hannu a takardar da ba ka ƙirga kayanta ba, gara ya ji daga bakinka a ofis da ya ji daga bakin lauyansu a gaban alƙali.

Akwai kuɗaɗen da ba su rataya a kan nasarar wanke ka ba. Albashin watan da ka yi aiki naka ne ko da korar ta halatta, gumi ne da ya riga ya zuba. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai yarda mai kamfani ya yanke wa ma'aikaci albashi don kansa da sunan tara ba, biyan asara ma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Haka kuɗin hutun shekara da ba ka tafi ba, da duk wani alawus da aka saba biya aka riƙe. Giratuti kuwa, wato kuɗin sallama, mutane da yawa suna zaton wajibi ne a kan kowane kamfani. A kamfani mai zaman kansa, sai idan yana cikin takardar ɗaukar aiki, ko littafin ƙa'idoji, ko yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata ta ƙulla da kamfanin. Ka duba waɗannan kafin ka sa shi a lissafi.

Fansho shi ne inda nake ganin kamfanin ya fi rauni, kuma shi ne abin da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Dokar Fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ɗora kashi 10, a zuba a asusun ma'aikacin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ana lissafin ne a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. In muka ɗauka duka 85,000 ɗin ne, naka 6,800, nasu 8,500, jimla 15,300 a wata. Wata goma sha huɗu ya kama 214,200, ban da tarar jinkiri da dokar ta ce ba za ta gaza kashi 2 cikin ɗari a kowane wata ba. Je ofishin kamfanin fanshonka ka karɓi cikakken bayanin asusunka, ka haɗa da takardun albashi da ke nuna ana cira. Wannan hujja ce da ba ta buƙatar shaida ya yi rantsuwa. Kana iya kai ƙorafi hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, kuma ka tuna idan ba a zuba naka ba, da wuya a ce an zuba na sauran abokan aikinka. Mai kamfani ya san haka, shi ya sa wannan batu kan sa a sauko teburin sulhu da wuri.

Wata barazana da nake so ka shirya mata ita ce 'yan sanda. Da zarar ma'aikaci ya fara neman haƙƙinsa, sai ka ji an ce za a kai maganar sata ofishin 'yan sanda. Suna da ikon kai ƙorafi, 'yan sanda kuma suna da ikon bincike, tunda zargin sata laifi ne. In an gayyace ka, ka je, amma da lauya ko wani babba naka, kada kuma ka rubuta alkawarin biyan kuɗin kayan don a sake ka ka kwana a gida. Wannan takardar washegari za ta zama ikirari. Rigimar albashi da notis kuwa ba aikin caji ofis ba ce, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai.

Ina za ka kai ƙara? Ba kotun majistare ba, ba kotun shari'ar Musulunci ba, ba ma babbar kotun jiha ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, tana da reshe a nan Bauchi, akwai kuma a Gombe. Wanda ya kai ƙararsa wata kotun, ɓata lokaci kawai zai yi. Tsarin kotun shi ne ka shigar da komai tun farko: bayanin ƙararka, rantsuwar shaidarka a rubuce, da kwafin duk takardun da za ka dogara da su. Don haka aikinka na wannan makon tattara takardu ne. Takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa, wasiƙar kora, katin shaidar aiki, bayanin asusun banki da ke nuna shigar albashi, littafin ƙa'idoji, duk wata takardar yabo ko ƙarin girma, da saƙonnin WhatsApp tsakaninka da manaja, musamman waɗanda ake ce maka ka saki kaya. Kada ka sayar da wayar, kada ka goge komai. Idan ba a taɓa ba ka takardar ɗaukar aiki ba, ƙararka ba ta mutu ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa kamfani ba da ita cikin wata uku, rashin bayarwar laifinsu ne, kuma alat ɗin albashi na shekara shida ya isa ya nuna aiki kake yi musu. Abokan aikinka kuwa, kada ka dogara da su. Suna ƙaunarka, amma su ma suna da bakunan ciyarwa, ranar shaida za ka ji wayoyinsu a kashe.

Ni dai ba na son a fara da kotu. A fara da wasiƙar lauya, a zayyana abin da ake bi, a ba su kwana bakwai ko goma sha huɗu. A cikin buƙatun a sa wadda ba ta cin kamfani ko kwabo: su janye wasiƙar kora, su musanya ta da ta sallama wadda ba ta ambaci laifi ba, su ba ka takardar shaidar aiki. Kamfanoni da yawa sukan yarda da wannan da zarar lauyansu ya nuna musu ba su ba ka damar kare kai ba. In ba ka da kuɗin lauya, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, jami'ansu kan kira ɓangarorin biyu su sasanta, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, akwai kuma hukumar ba da tallafin lauya ga marasa ƙarfi. Ita kanta Kotun Ma'aikata tana da cibiyar sulhu da alƙali kan tura ƙananan rigingimu. Idan mai kamfanin mutum ne da ke jin maganar wani dattijo ko limami, a bi ta nan ma, ba aibi ba ne, sai dai duk abin da aka cim ma a rubuta a sa hannu. Shari'a kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, in an ɗaukaka ƙara kuma a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Dubu ɗari huɗu da wasiƙa mai tsabta a wannan watan na iya fi maka miliyan ɗaya bayan shekara uku. Wannan lissafin kai za ka yi shi, kai ka san halin gidanka.

Game da lokaci, ƙarar yarjejeniya da kamfani mai zaman kansa tana da wa'adin shekaru, biyar ko shida a yawancin jihohi, amma jinkiri yana cinye hujja: manaja ya bar aiki, littafin sito ya ɓace, kamfani ya canza suna. Ga ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan kuwa, ku naku ya fi tsanani. Akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku kacal, kotuna sun yi ta kai-komo a kan ko ta shafi rigimar aiki, don haka wanda aka kora daga ma'aikata ko hukuma ya shigar da ƙara kafin wata ukun su cika, kada ya zauna jiran amsar takardar roƙo.

'Yan'uwanka da ke cewa ka bar wa Allah, alheri suke nufi, kuma yafiya haƙƙinka ce, in ka ga dama ka yafe kuɗin duka ba wanda zai zarge ka. Amma addinin da ya kwaɗaitar da yafiya shi ne ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba rashin tawakkali ba ne. Kuma kalmar cin amana da ke cikin wasiƙar nan ba kai kaɗai ta shafa ba, 'ya'yanka ma da sunanka ake kiransu. Ko za ka bar komai, ka nemi a cire ta.

Abu na ƙarshe, don ka samu abin riƙe gida kafin wani aikin ya samu. Dokar Fansho ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cirar har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Kamfanin fanshon zai nemi wasiƙar rabuwarka da aiki, kuma sau da yawa yakan nemi tsohon wurin aikin ya tabbatar ya zuba duk abin da ake binsa. Ka ga ke nan waɗancan wata goma sha huɗun suna iya tsayar da kai a bakin taga. Ka fara bin su tun yanzu, kafin wata huɗun su cika.